Wanda Ya Amsa Sunana

Talata, da yamma

Yau an ce an dasa bam a makarantarmu. An bincika, ba a samu komai ba. Umma ta mare ni a bakin get a gaban kowa, sannan ta rungume ni har numfashina ya ɗauke. Tun da na shiga sakandare ba ta taɓa yi mini ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Bari in rubuta yadda aka yi, tunda a takarda ba na maƙalewa.

Ba na cikin makarantar lokacin. Ranar Talata darasin farko karatu ne a bayyane, kowa ya miƙe ya karanta sakin layi, ni kuwa ina da in'ina. In na tsaya a kan harafi, malamin adabi yakan naɗe hannu ya ce, "Muna jiranka, ba inda za mu." Sai aji ya fashe. Daga nan aka raɗa mini Janareta, wai sai an yi ta jan igiya kafin in tashi. Saboda haka tun zangon da ya wuce, duk Talata nakan raka ƙanwata Auta ƙofar sashen firamare, in zagaya bayan katanga in zauna a rumfar mai faci har a fito hutu. Mai facin ba ya tambayata komai. Nakan danna masa tiyub cikin ruwa mu nemi inda yake kumfa.

Sunana kuwa Rediyo ke amsawa a kiran suna na safe. Bencinmu ɗaya, can baya jikin taga. Rediyo muke ce masa don babu muryar da ba ya fitarwa: Firinsifal, maigadi, mai sharhin ƙwallo, har kukan ƙofar ɗakin gwaje-gwaje. Tun muna aji ɗaya ya rantse mini cewa kowa zai kwaikwaya ban da ni. Ya ce rufe baki kawai yake yi ya ce "ga ni" ƙasa-ƙasa, malamar ajinmu ta wuce.

Ina riƙe da tiyub na ji ƙararrawa, ba a lokacinta ba, kuma ta ƙi tsayawa. Na leƙa ta ɓular katanga. Ɗalibai na ta kwararowa daga ajujuwa zuwa filin ƙwallo, wasu na dariya don ba su san me ake ciki ba, wasu sun zubar da takalma. Na hango Auta a layin ajinsu rungume da gorar ruwanta, hankalina ya ɗan kwanta. Motocin 'yan sanda suka zo, da karnuka, aka ja igiya aka zagaye ginin. Iyaye suka cika titi har babura suka kasa wucewa.

Na ce bari abin ya lafa in saje cikin mutane. Can sai na ji ana kiran sunana da lasifika, cikakke, har da na Baba. Aka sake kira. Mai faci ya dube ni, na dubi ruwan.

Ban fito nan da nan ba. Ba zan rubuta tsawon lokacin ba.

Da na zagayo, Umma na zaune a ƙasa bakin get, takalminta ƙafa ɗaya, mata na yi mata fifita. An gaya mata an ƙirga kowa, saura ni.

An tafi da Malama, malamar ajinmu, asibiti.

Laraba, da safe

An rufe makaranta sai Litinin.

Abin da na tsallake jiya: da aka jera mu a fili aka ga babu ni, Malama ta ce ina ciki, da kunnenta ta ji na amsa. 'Yan aji suka yi tsuru-tsuru, babu wanda ya ce uffan, domin a ajinmu ba a faɗin wa ya amsa wa wa. Kowa ya taɓa cin moriyar abin. Kafin a ankara ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ta koma ginin, mace mai jikoki, gwiwarta ma ba lafiya ba. Ta duba ajinmu a sama, ta duba banɗakin maza tana kiran sunana. Wajen saukowa ta zame a matakala. Ƙafarta ta karye a cinya.

Baba ya bugo daga hanya, yana can da tirelarsa. Ya ce a ba ni. Na riƙe wayar ina ƙoƙarin fitar da gaisuwa, ya jira kaɗan, ya ce, "Bar shi, in na dawo ma yi magana." Gara a ce ya zage ni.

Auta ta ƙi ajiye gorar ruwan nan. Da ita ta kwana.

Laraba, bayan azahar

Na kira Rediyo. Tana shiga, ba ya ɗauka.

Juma'a, ƙarfe huɗu

An kira mu ofishin Firinsifal ni da Umma. Makarantar fayau, sai takalman da maigadi ya tara a gindin tuta, kowanne babu ɗan'uwansa.

Akwai wani ɗan sanda cikin kayan gida, mai ƙaton agogo. Daga bakinsa na ji yadda abin ya fara: wani ne ya bugo wayar ofis da muryar babban mutum, sakatariya ta ɗauka, ya ce akwai bam a ginin, ta saki wayar ta ruga ta kaɗa ƙararrawa da kanta.

Ya ce, "Kai kaɗai ne ɗalibin da ya san kada ya shigo ranar. Wa ya gaya maka?"

Na buɗe baki, harafin farko ya maƙale. Ya dubi Firinsifal ya ce, "Ka gani? Mai gaskiya ba ya kame-kame."

Umma ta ce, "Yallaɓai, da haka ya tashi. Ko ruwa zai roƙa haka yake yi. In kana da haƙuri ka jira shi, in ba ka da shi ka ba shi takarda."

Aka ba ni takarda. Aka aika aka kira mai faci, ya zo da hannunsa duk baƙin mai, ya ce duk Talata ina wurinsa, kuma bai taɓa ganina da waya ba. Shi ke nan na fita daga zargi, na shiga hannun Umma, wadda sai yau ta san tun yaushe nake wannan aikin. A hanya ta wanke ni tas. Da muka kusa gida ta ce, "Me ya hana ka gaya mini suna yi maka dariya?"

Sun tambaye ni wa ya amsa sunana. Na rubuta ban sani ba, ba na wurin. Rabinsa gaskiya ne. Firinsifal ya ce mai yiwuwa ma babu wanda ya amsa, Malama ta manyanta, kunne ne da sabo.

Litinin, da yamma

An buɗe. Layi tun daga get har shagon mai gyaran waya. An ba maigadi wata sanda mai ƙara yana shafa mu da ita, tana kuka a kan komai, bel, makulli, cokalin wata yarinya. Shi ma bai san me zai yi in ta yi kukan ba, sai ya ce, "Wuce." Ana zazzage jaka a kan tebur, yau kowa ya ga abin da kowa ke ɓoyewa. Rabin 'yan firamare ba su zo ba.

Wani malami aka ba riƙon ajinmu. Ba ya kiran suna, kawuna yake ƙirgawa kamar awaki.

Babu wanda ya ce mini Janareta. Babu wanda ya ce mini komai. In na shigo sai hira ta mutu.

Rediyo ya zo a makare, ya zauna a bakin benci kamar baƙo. Na rubuta masa a bayan littafi, me ya hana ka ɗaukar waya? Ya ce, "Mutumina, bari kawai." Yau ko atishawar malamin lissafi bai kwaikwaya ba.

Ana darasi na uku aka aiko kiransa. Bai dawo ba. Jakarsa ni na kai wa maigadi.

Talata, lokacin hutu

Na zauna darasin adabi. Da layi ya zo kaina malamin ya ce, "Na gaba." Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Laraba, da yamma

An dakatar da Rediyo har kwamiti ya zauna. Ana cewa shi ya buga wayar.

Dalilinsu: bara ya taɓa tsayawa bayan tagar ofis ya yi muryar Firinsifal, ya sa aka tashi makaranta tun kafin lokaci. Ranar duk mun ɗaga shi sama, har malamai sun yi dariya a ɓoye. Yanzu dariyar ta zama shaida. Sun ce sunansa ne na farko a kiran suna, tagarmu kuma babu gilashi, yana iya amsawa ya dire ta rufin banɗaki ya buga waya. 'Yan aji sun ce yana zaune. Ɗan sandan ya ce, "Ku da bakinku ɗaya? Ku da kuka bar tsohuwa ta shiga neman wanda ba ya nan?"

In kwamiti ya kama shi, kora ce, saura 'yan makonni mu fara jarrabawar fita. Daga nan kuma sai abin da 'yan sanda suka ga dama. Mamansa wanki da guga take yi, shi ne babba.

Na san bai buga ba. Rediyo ba ya yin abin da ba zai ga fuskar masu dariya ba.

Alhamis, da safe

Taya ta fashe a rumfar mai faci muna tsakar darasi. Aji gaba ɗaya ƙarƙashin benci, har malamin riƙon. Da muka fito kowa na kaɗe gwiwa yana cewa shi biro ya sunkuya ɗauka.

Auta ta ce cikinta na ciwo. Kullum sai an zo sa takalmi yake ciwo.

Asabar, bayan la'asar

Umma ta ce ko ina so ko ba na so yau sai mun je gaida Malama. Ban so ba.

Tana gadon ƙarshe jikin taga, an ɗaure ƙafar da ƙarafuna. Ba tabarau, ba alli a hannu, sai na ga ashe ƙarama ce. Umma ta durƙusa ta ce, "Malama, sannu da jiki. Ba mu da bakin ba ki haƙuri." Ni na tsaya a ƙafar gado ina karanta takardar da ke jikin ledar ƙarin ruwa.

Malama ta ce, "Tashi, don Allah. Ni abu ɗaya ke damuna. Suna cewa wai kunnena ne. Ɗana, matso. Sun ce ba ka nan, na yarda, tunda ga ka da ranka. Amma na ji ka."

Umma ta ce, "Wataƙila wani ne ya ce ga ni kawai."

"A'a. Ai ba ga ni kawai ba ce. Na san ga ni ɗinsa. Yakan ja numfashi da ɗan fito tukuna, ya tsaya a kan ga ɗin, ya ƙwanƙwasa benci da yatsa, sannan ta fito. Duk na ji. Sunansa ne na ƙarshe, yana rufe baki ƙararrawa ta ɗauka."

Umma ta ce, "Ba ki gan shi ba dai."

Malama ta yi ɗan murmushi. "Ke kika hana ni. Shekarar da ya shigo kika same ni kika ce in ana kallonsa abin ya fi kama shi. Tun ranar, in na zo sunansa ba na ɗagowa. Ina kallon tebur har ya gama."

Ban san da wannan ba. Shekara da shekaru na ɗauka ba ta son ganin fuskata ne in ina fama.

Ban kuma san ina yin fito ba.

Da za mu tafi ta ce in gaida 'yan aji, ta tambayi Rediyo. Babu wanda ya gaya mata. Umma ta ce yana lafiya.

A motar haya Umma ta ce, "Wa ya iya ka haka?" Na kalli titi.

Lahadi, da rana

Kowa zai kwaikwaya ban da ni, in ji Rediyo.

Lahadi, da yamma

Na tsaya gaban madubin Umma na ce ga ni. Akwai fiton. Akwai yatsan ma, a jikin durowa na buga.

Duk Talata. Zango guda da rabi. Ina can ina neman kumfa a ruwa ina jin daɗi na tsira daga dariya, ashe ana yinta ba ni. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce a kore shi, me ya dame ni.

Litinin, bayan an tashi

Na kasa jin darasi yau, lissafi ɗaya nake yi. Sunan Rediyo na farko, nawa na ƙarshe. Sakatariya ta ce daga waya sai ƙararrawa. Malama ta ce daga ga ni sai ƙararrawa. Wanda ya amsa sunana yana kan benci lokacin da ake wayar. Kuma mutum ɗaya ne a makarantar nan zai iya ruɗin kunnen Malama.

Shi ma ya san wannan lissafin tun ranar farko, bai faɗa ba.

Na je gidansu. Mamansa na guga a tsakar gida, idonta ya faɗa. Ta ce, "Yana ciki, ko abinci ba ya ci. Shiga ka yi masa magana, ɗan nan, ko kai zai ji taka." Wai ni ne mai magana.

Yana kwance yana kallon rufi. Na zo da takarda amma ban ciro ta ba. Na ce, a tsawon lokacin da ta ɗauke ni, "Na je wurin Malama."

Ya tashi zaune. Ya ce, "Ta gaya maka."

Na ce, "Fito."

Ya rufe fuska da hannu. Can ya ce, "Wallahi ranar farko yadda na ce maka na yi. Na ce ga ni sumul. Sai ta ce, wane ne wannan? Saura kaɗan ta ɗago. Ba yadda za a yi ta yarda kai ne in ban maƙale ba. Mako na gaba na maƙale kaɗan. Daga nan..."

"Suna dariya?"

"Da farko."

"Daga baya?"

"Sukan jira shi. Kamar yadda ake jiran in yi Firinsifal."

Na ce, "Ka ji daɗi?"

Bai amsa ba. Da ya ce a'a da na tashi na tafi, na san ƙarya ce.

Na tambaye shi me ya sa bai gaya wa kwamiti ba. Ya ce, "In ce musu ni na karya wa Malama ƙafa? Kuma ba za su yarda ba sai na yi sun ji. A gabanka. Gara korar."

Na ce, "Ƙafar Malama mu biyu ne." Sauran na rubuta, don na gaji: ranar Alhamis, in kwamiti ya zauna, za ka yi. Yadda kake yi, kada ka rage komai.

Ya karanta ya ce, "Mutumina..."

Na ce kada ya ƙara ce mini mutumina. Wannan ta fito tiryan-tiryan ba tangarɗa, abin haushi.

Talata, da safe

"Na gaba."

Laraba, da yamma

Na kai wa Firinsifal takarda, na rubuta wanda ya amsa sunana. Ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya ce, "Ranar Juma'a ka ce ba ka sani ba." Na gyaɗa kai. Ya ce in zo gobe da Umma.

Baba ya dawo. Bai yi maganar da ya ce za mu yi ba. Ya zauna yana gyara wa Auta murfin gorarta, ya ce in miƙo masa filaya.

Alhamis, bayan la'asar

A ɗakin malamai aka zauna. Firinsifal, malamai biyu, wani daga cikin iyaye, sakatariya, da mai ƙaton agogo. Umma da maman Rediyo a benci ɗaya jikin ƙofa. Rediyo ya sa fararen kayan makaranta, an goge su har suna ɗaukar ido.

Aka kira Malama a waya aka buɗe murya, aka ajiye ta tsakiyar tebur. Sai yanzu ta ji abin da ake zargin Rediyo da shi. Ta ce, "Kuma babu wanda ya ga ya dace a tambaye ni?" Firinsifal ya yi gyaran murya.

Ɗan sandan ya tsara yadda za a yi. Malama za ta kira sunana sau biyu, shi zai nuna wanda zai amsa, ita ta faɗi wanne ne ni.

Ta kira. Ya nuna Rediyo.

Rediyo ya dube ni. Na kawar da kai. Sai na ji an ja numfashi da ɗan fito. Na ji ga ɗin ta tsaya, tana bugun haƙori tana komawa. Na ji yatsa a kan tebur. Da na waiwaya, kafaɗarsa ta hagu ta ɗaga, idonsa ɗaya ya ƙanƙance, wuyansa ya yi jijiya. Ba murya kaɗai ya ɗauka ba. Ban taɓa ganin kaina daga waje ba sai yau, kuma ban ji daɗin ganin ba. Umma ta sunkuyar da kai.

Ɗan sandan ya yi dariya. Shi kaɗai. Ya duba bai ga abokin tayawa ba, ya mayar da ita tari.

Malama ta sake kira. Ya nuna ni. Ban san me ya faru ba, ko haushi ne, tawa ta fito da ɗan sauƙi.

Aka ce, "Malama, wanne ne?"

Ta ce, "Na farkon ne ɗana. Na biyun yana ƙoƙari, amma bai iya ba."

Maman Rediyo ta fara kuka a hankali. Firinsifal ya gaya wa Malama cewa na farkon Rediyo ne. Sannan ta ce, "To shi na ji ranar Talata. Ku rubuta. Yana gama amsawa ƙararrawa ta kaɗa."

Ɗan sandan ya ce wannan ma ai ya nuna yaron zai iya kowace murya. Wakilin iyaye ya ce, "Zai iya, yallaɓai, amma baki ɗaya gare shi." Aka tambayi sakatariya ko ta tsaya wani abu tsakanin waya da ƙararrawa. Ta ce ko takalmi ba ta tsaya sawa ba.

An wanke Rediyo daga maganar waya. Zai rubuta jarrabawa. Ni da shi za mu share matakala da barandar sama kullum har ƙarshen zango, an kuma raba mana benci.

A waje ya tsaya kamar zai ce wani abu. Na bi Umma.

Asabar, da rana

Na je asibiti ni kaɗai. Na ba ta haƙuri da bakina, ta kalli bargo har na gama. Sannan na ce in ta dawo ta riƙa ɗagowa. Ta ce, "Ka tabbata?" Na ce ban tabbata ba. Ta ce to.

Litinin, da yamma

Har yau ba a san wa ya buga wayar ba. Wasu sun ce wani ma'aikaci ne da aka sallama, wasu sun ce an yi wa wata makaranta irin haka a makon. Sandar maigadi batirinta ya ƙare, amma yana ci gaba da shafa mu da ita.

Muna shara ni da Rediyo, ni daga sama shi daga ƙasa, mu haɗu a tsakiya. Ba ma magana. Yau ya riƙe mini abin kwashe shara ba tare da na ce ba. Ban huce ba. Ban san ko zan huce ba.

Auta ta manta gorarta a gida, sai a hanya ta tuna, ba ta yi kuka ba.

Talata, lokacin hutu

Na kwana biyu ban rubuta ba. Malama ta dawo da sanduna biyu. An sauko da ajinmu ƙasa saboda ita, an ba ta kujera mai hannu.

Ta fara kiran suna. Rediyo ya amsa da muryarsa, har na ji ta baƙuwa, don ba kasafai yake amfani da ita ba. Aka yi ta tafiya.

Ta kira ni, ta ajiye biro, ta ɗago.

Umma ta yi gaskiya, in ana kallona abin ya fi kama ni. Na ja numfashi, na ji fiton da kunnena. Ga ɗin ta tsaya ta ƙi gaba ta ƙi baya, ta daɗe fiye da kullum. Na buga benci. Babu wanda ya motsa. Can gaba na hango Rediyo ya danne bakinsa da tafin hannu yana kallon ƙasa. Malama ba ta kawar da ido ba, ba ta kuma ƙarasa mini ba.

Na ce, "Ga ni."

Ta ce, "Na gan ka."

Ta tattara sandunanta ta fita a hankali. Malamin adabi ya shigo, aka fara karatu daga layin gaba. Da aka zo kaina ya buɗe baki zai ce na gaba, ya tarar na riga na miƙe.